Rigar Malam Babani

Tuwon rana ya daɗe da hucewa kafin Mushe Kailu ya shigo gida, kuma matarsa Zalihatu ta saba da haka. Duk unguwar Treichville an san shi da Mushe, laƙabin da ake yi wa malaman boko a can. Shi ne malamin da ke riga kowa isa lakwal, wato makarantar boko, in an tashi kuma ya tsare yara a gindin mangwaro yana koya musu wasan kwaikwayo har rana ta yi ja. Zalihatu takan yi masa tsiya cewa mai gadin lakwal ya fi ta ganin mijinta. Sai ya yi dariya, ita ma ta yi, domin tana son sa ƙwarai.

Ranar nan, shekara guda bayan ƙarewar yaƙin Turawa, ya dawo da damuwa. A wasan da za su yi ranar raba kyaututtuka akwai wani attajiri marowaci, ga shi ba su da rigar da ta dace da shi. Zalihatu ta buɗe akwati ta fiddo wata shuɗiyar babbar riga mai aska takwas. Mahaifinta Malam Babani, falken goro a unguwar Adjamé da ke ƙetaren gada, shi ya tuɓe ta daga jikinsa ya ba Kailu ranar ɗaurin aurensu. Kailu bai taɓa sa ta ba, saboda kwat da wando ake zuwa da su lakwal. Da hannunta ta kama mata kafaɗa, ta naɗe gindin don ta yi wa ɗalibin daidai, tana murna ta taimaki mijinta.

Ranar wasa Malam Babani ya ƙetaro gada da abokan kasuwancinsa, aka ba su kujerun gaba. Marowaci ya fito yana ɓoye goro a hammata don kada baƙi su gani, jama'a suka kwashe da dariya. Can sai wani daga baya ya ce ai wannan rigar Babani ce. Shekara ashirin yana zuwa idi da ita, wa bai san ta ba a Adjamé? Dariyar ta juya ta koma kansa. Tsohon ya miƙe, ya gyara hula, ya fita bai waiwaya ba.

Washegari ƙanwarsa Gwaggo Hajo ta zo ta tafi da Zalihatu. Saƙon gajere ne: ko Kailu ya bar wasan nan gaba ɗaya, ko ya bar 'yar mutane.

Mijin 'ya ba ya musu da surukinsa, ko kallon ƙwayar idonsa ba ya yi. Saboda haka kullum in yara suka watse, Kailu yakan tako a ƙasa daga Treichville har Adjamé, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa. Malam Babani sai ya ci gaba da jan carbinsa. Zalihatu tana leƙe daga cikin gida, tana ganin yadda mijinta ya rame, ta koma ɗaki ta yi kuka. Haka aka yi mako uku.

"Ba ke ke ƙorahin ba ya zama gida ba?" in ji Gwaggo Hajo. "To ga dama ta zo. Ki aika mishi shi bar wasan tiyatir ɗin, kowa shi huta."

Maganar ta shige ta, don sau nawa ta yi wannan fata. Amma ta san Kailu. In aka raba shi da yaran nan, gangar jikinsa kaɗai za ta riƙa dawowa gida, ita kuwa ba ita ta aura ba. Ta yi ta maza ta je ta durƙusa gaban mahaifinta, ta faɗa masa ita ta fiddo rigar, ita kuma ta rage ta.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Dariyar mutane ta wuce, ɗiyata. Abin da bai wuce ba, na ga karin ninki a bayan rigar. Shekara biyu tana akwati. Ko sau ɗaya bai sa ta ba."

Sai a lokacin Zalihatu ta gane inda ciwon yake. Ta lallashi Gwaggo Hajo har ta karɓo mata rigar daga wurin Kailu. Ta zauna ta warware ɗinkinta zare bayan zare, ta wanke, ta kai wa masu bugu suka buge ta har tana ƙyalli. Ta mayar wa Kailu da ita da saƙo ɗaya, ya sa ta gobe, kuma da ita zai shiga aji.

Washegari daraktan lakwal ya ɗaure fuska, yara suka yi ta ƙunshe dariya, Kailu bai kula ba. A cikinta ya yi darasi, a cikinta ya koyar da wasa. Da yamma ya iso Adjamé ya durƙusa inda ya saba, hannun rigar ya yi fari fat da alli har kafaɗa.

Malam Babani ya ajiye carbi. Ya kama hannun rigar ya murza allin da yatsa, ya ce shi dai shekara ashirin bai taɓa ɓata ta haka ba. Sannan ya shiga ciki, ya fito da wata tsohuwar riga ya jefa masa a cinya.

"Wagga ta wani baƙona Ɗan Azumi ce da ya koma Maraɗi, ba wanda zai gane ta. Ka ba marowacin naka. Zalihatu, ɗauko mayahinki."

Suka ƙetara gada tare, tana kakkaɓe masa alli, yana cewa ta bar shi.

Da Kailu ya yi zuciya, ko kuma da Zalihatu ta bi son ranta, da auren nan ya mutu a kan riga. Haƙuri ya tsare shi. Ku kuma matasa ku riƙe wannan: in babba ya tuɓe abinsa ya ba ku, ku bari ya gan shi a jikinku.