Sabuwar Fuskar Wayar Inna

A unguwar Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani yaro ɗan aji biyar na firamare. Ba ya rashin kunya, ba ya faɗa. Matsalarsa ɗaya ce, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In ya ga abu mai maɓalli, sai ya danna. Rediyon Baba ya sha wuya a hannunsa, balle rimot ɗin talabijin.

A gidan akwai kakarsa, mahaifiyar Baba. Kowa Inna yake ce mata. Ita kuma Maigida take ce wa yaron, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma babu cefane?" in ji ta.

"Inna, sai na girma," in ji shi. Sai su yi ta dariya.

Inna ba ta yi boko ba, idonta kuma ya fara rauni. Amma tana da babbar waya da Baba ya saya mata. Ba karantawa take yi ba, haddace wurare ta yi. Ta san koren tambarin nan na ƙasa, da shi ake tura saƙon murya. In an kira ta, ta san inda za ta ɗora yatsa ta amsa.

Mutum ɗaya Inna take riƙe wayar dominta, wato yayarta Saratu, wadda take Darmanawa a Tarauni. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ciwon ƙafa ya hana Yaya Saratu fita. Inna kuma bayanta ba ya son jijjigar adaidaita sahu. Saboda haka kullum da safe Inna take tura gaisuwa, domin ita ce ƙarama.

"Yaya, kin tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Jim kaɗan amsa za ta shigo, Inna ta kara wayar a kunne tana murmushi.

Wata rana wani rubutu ya fara fitowa a fuskar wayar. Baba ya duba, ya kira yaron.

"Ka ga wannan? So suke a sabunta wayar. Kada ka taɓa. Inna ta saba da ita a haka."

"To, Baba."

Wannan "to" ɗin iyakarta baki. Washegari a makaranta abokinsa Mubarak ya cika masa kunne.

"Yayana ya yi abdet, ya sabunta wayarsa! Ka ga wayar kuwa? Komai ya koma kamar gilashi. Ku har yanzu tsohon yayi kuke?"

Maganar ta tsaya wa yaron a rai. Da ya dawo gida, ya tarar Inna tana barcin rana. Wayar tana kan darduma. Ya ɗauka a hankali, ya shige bayan ƙofa, ya danna.

Wayar ta ɗauke. Can ta kawo haske, ga ta da sabuwar fuska.

To, ina kyan da Mubarak yake ta zuzutawa? Launuka duk sun koɗe, kamar atamfar da ta sha wanki. Tambura sun ƙanƙance, sun bar wurarensu. Koren nan na Inna ya zama fari-fari, ya koma wani lungu. Yaron ya nemi yadda zai mayar da ita, ya rasa. Sai ya ajiye ta inda ya ɗauka, ya sulale.

Da safe Inna ta kira shi.

"Maigida, zo ka duba mini wayar nan. Na nemi koren na rasa. Ko wani abu ya same ta?"

Yaron ya karɓa. Ya tuna gargaɗin Baba. Tsoro ya kama shi.

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Ai dama haka take."

Inna ta matso da wayar dab da fuskarta, ta nisanta ta. Ta goge ido da gefen mayafi, ta sake dubawa.

"Haka take?" ta ce a hankali. "Ashe idon ne ya tafi. Allah Sarki. Je ka makaranta, kada ka makara."

Kaico! Da ma a nan ya faɗi gaskiya. Amma ya ɗauki jakarsa ya fita.

Inna ba ta gaya wa kowa ba. Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa kuka. Umma kuma surukarta ce, tana jin nauyinta. Ga shi tana tsoron a ce za a yi mata aikin ido. Sai ta haɗiye abin ita kaɗai.

In wayar ta yi ƙara, Inna takan ɗora yatsa inda ta saba. Ba ta san yanzu wurin katse kira ne ya koma nan ba. Sai ƙarar ta tsaya, ta yi ta cewa, "Salamu alaikum? Yaya?" Babu amsa. Daga baya ta tura wayar ƙarƙashin matashi.

Kwanaki suka ja. Inna ta daina wasa, ta rage cin abinci. Umma ta dama mata kunun gyaɗa, ta kurɓa kaɗan ta ture. Yaron ya daina shiga ɗakinta. In ya ji ƙarar shigowar saƙo, sai ya ji kamar a ƙirjinsa ake bugawa.

A aji ma hankalinsa ba ya wurin. Malama Fatima ta lura. Da aka fita tara, ta tsayar da shi.

"Kai da ba ka zama, yau ka yi tagumi. Me ya faru?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo. Ya gaya mata komai, bai rage ba.

Malama ta nisa. "Taɓa wayar laifi ne, amma ƙarami. Babban shi ne ƙaryar. Ka sa tsohuwa tana zargin idonta."

"Malama, Baba zai yi mini faɗa."

"Zai yi, kuma faɗan zai wuce. Kakarka fa? Kullum ka yi shiru, baƙin cikinta ƙaruwa yake. Yau ka faɗa."

Da aka tashi, ya nufi gida da niyyar faɗa. Yana shiga ya ga baƙon takalmi a ƙofar Inna. Anti Nafisa ce, 'yar Yaya Saratu. Baba da Umma suna zaune, kowa ya yi jugum.

"Inna, jikin Mama ya yi tsanani," in ji Anti Nafisa. "Zazzaɓi ya kwantar da ita. Mun yi ta kiran ki, ana katsewa. Ta ce fushi kike da ita. Ta hana mu kiran kowa a gidan nan, wai kada a tilasta miki. Ni ce dai na kasa haƙuri na taho."

Inna ta dafe ƙirji. "Ni? Ni zan katse wa Yaya kira? Wa nake da shi in ba ita ba?" Sai ta fashe da kuka. "Idona ne ya mutu, Nafisa. Ba na ganin komai a wayar. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Yaron bai taɓa ganin Inna tana kuka ba. Ya yar da jaka, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba idonki ba ne! Ni ne! Ni na sabunta wayar, komai ya canza. Da kika tambaye ni, ƙarya na yi miki."

Baba ya kalle shi, kallon da ya fi duka zafi.

"Ban hana ka ba?"

"Ka hana ni, Baba."

"Miƙo wayar. A'a, kai za ka buɗe. Buɗe saƙonnin mu ji."

Yaron ya lalubo tambarin da ƙyar. Saƙonni ne jere, ba a saurari ko ɗaya ba. Ya danna na farko. Muryar Yaya Saratu ta fito da fara'a.

"Ƙanwata, yau kin makara. Ko barci ne ya yi daɗi?"

Ya danna na tsakiya. "Shiru dai? Na kira kin katse. Lafiya kuwa?"

Ya danna na ƙarshe. Muryar ta dushe, da ƙyar ake ji.

"Ƙanwata, in na yi miki laifi ki yafe mini. Jikin babu daɗi. Ina so in ji muryarki."

Umma ta juya baya tana share ido. Yaron ya kifa kai a gwiwar Inna yana ta kuka.

Inna ta miƙe. Ta manta da ciwon baya. "A nemo mini adaidaita," ta ce. "Yanzu."

Suka kama hanyar Darmanawa. Duk ramin da aka faɗa, Inna sai ta cije baki, amma ba ta ce a tsaya ba. Da suka isa, ta riga kowa shiga ɗaki.

Yaya Saratu tana kwance, ta rame. Da ta ga ƙanwarta, ta kau da kai wajen bango.

"Yaya, ni ce."

"Ai na ɗauka kin yafe ni."

Yaron ya matso, ya durƙusa. Ya sake faɗin abin da ya yi, tun daga farko. Yaya Saratu ta juyo a hankali. Ta dube shi, ta dubi Inna. Sai ta miƙa hannu. Tsofaffin biyu suka riƙe juna suna kuka.

Can Yaya Saratu ta goge ido. "To, wannan mijin naki, da ni ce da tuni na kai shi gaban alƙali."

Kowa ya yi dariya, har da mai hawaye. A ranar ta sha koko kofi guda, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

A hanyar komawa Baba ya tsaya shagon Ashiru mai gyaran waya, a bakin kasuwar Tarauni. Mutane sun cika benci, kowa da wayarsa a hannu.

"Wa ya ce wa masu ƙera wayoyin nan muna son canji?" in ji wani direba. "Rubutun ma ba ya ganuwa a rana!"

Ashiru ya duba wayar Inna, ya girgiza kai. "Alhaji, irin wannan sabuntawar in ta hau ba ta sauka. Tun safe abin da nake gaya wa mutane ke nan. Sai dai in ƙara girman tamburan, in ƙara wa launin ƙarfi."

Ya yi hakan, ya kuma dawo da tambarin saƙo ƙasa. Amma wurin amsa kira ya ƙi komawa.

A gida Baba ya zaunar da yaron. "Babu ƙwallo bayan la'asar. Kullum za ka zauna da Inna, har sai hannunta ya saba."

"Na yarda, Baba. Inna, ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Inna. "Amma ka sa na yi wa idona kuka tun yana raye."

Koyon bai zo da sauƙi ba. Yatsan Inna ya yi ta komawa tsohon wuri. Wani lokaci ta yi tsaki ta ture wayar. Yaron ya ɗauko, ya kira ta da wayar Umma, su sake gwadawa. Yana jin ihun 'yan ƙwallo a waje, bai tashi ba.

Ran nan da safe yana ɗaura takalmi, wayar Inna ta yi ƙara. Ya taso da gudu zai taimaka. Inna ta ɗaga masa hannu. Ta ɗora yatsa da kanta, ta kara a kunne.

"Yaya! Kin tashi lafiya? Har tsakar gida kika fito? Alhamdu lillahi!"

Yaron ya tsaya a bakin ƙofa, daɗi ya cika shi. Tun daga ranar ya koyi darasi biyu. Ba ya taɓa kayan wani sai da izini, ko da yana ganin gyara zai yi. In kuma ya yi kuskure, nan take yake faɗin gaskiya, domin ya ga yadda ƙaryarsa ta sa Inna kuka.