Bugun da Ya Fito Daga Gaba

Da rana ta yi ja, matar mai walda ta fito bakin layin dogon da ake shimfiɗawa a tsakiyar hamada. Haka matan sansanin ke kiran mazajensu: a buga ƙarfen dogo da dutse, ƙarar ta bi ƙarfe har bakin aiki, kowa ya gane bugun ɗakinsa. Nata bugun a hankali yake, kamar mai neman izini. Ta buga, ta jira. Maigidan bai zo ba.

Wan mijinta, mai gadin kayan aiki, yana kishingiɗe a kan buhunan siminti yana sakace.

"Ke bebiya, wannan bugun naki ko kaza ba zai tasa ba. Ɗauko kular abincin in raka ki. Ni da na taɓa marin aljani har ya ba ni haƙuri."

Ta sunkuyar da kai. Ta saci kallon tumbinsa, da takalminsa mai sheƙi da bai taɓa taka wurin aiki ba. Mutumin da ɓera ya kora daga ɗakinsa. Ta ɗauko kular.

Suka bi layin. Tsakuwa na ƙara ƙarƙashin ƙafa, Yaya na ta zuba. Sai iska ta tsaya cak.

A inda dogo ya ƙare, ga injin walda a kashe, ga gilashin fuskar mijinta a yashe. Babu kowa. Sai ƙaurin ƙarfe mai zafi.

Ƙwan. Ƙwan.

Ta dafa ƙarfen, ta ji ba ya rawa. Bugun ba daga sansani yake ba. Daga gaba yake, inda babu komai sai rairayi.

"Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa, "kada ka amsa."

"Ji mini yarinya! Ƙanena ne ke shaƙiyanci."

Ya ɗaga guduma ya maka wa ƙarfen.

Rairayin ya dare. Wasu layuka biyu suka fito ja jawur, kamar yanzu aka zaro su daga wuta. Can a tsakaninsu mijinta ke tafiya, kai a sunkuye, yana bin bugun kamar mai komawa gida.

A gefe wani abu na tsugune. A tsugunen ma ya fi tankin ruwa tsawo. Da gaɓar yatsa yake bugun. Ya juyo ya dubi Yaya, irin kallon da ake wa ƙuda a cikin kofi.

Abin ya ja tsaki.

Guduma ta faɗi. Kafin ta waiwaya, Yaya ya arce, sai ƙura da takalmi ƙafa ɗaya.

Ta durƙusa, ta cire murfin kula, ta taɓa ƙarfen nasu, na mutane, da shi.

Tak. Tak.

Mijin ya tsaya.

Abin ya ƙara ƙarfin nasa har haƙoranta na haɗuwa.

Tak.

Mijin ya juyo. Ya taho a guje, robar takalminsa na narkewa, ya faɗo kan tsakuwa. Wani numfashi mai zafi ya shafi ƙeyarta. Ta fizgi hannunsa. Ba su waiwaya ba.

Washegari Yaya ya tara leburori yana ba su labarin yadda ya shaƙe aljanin. Ta zo ta durƙusa da ladabi, ta ajiye takalmin a gabansa.

"Yaya, ka manta wannan."

Tun ranar ta daina bugu. Da ƙafarta take zuwa ta taho da maigidan tun rana na sama, ta kuma sa ya rantse ba zai sake bin kowane bugu ba. Don wani yammaci tana kwashe shanya kusa da layin, ta ji bugu daga nesa, daga gaba.

Tak. Tak.

A hankali, kamar mai neman izini.