Teburin Bakin Taga

Wayar ta yi ƙara ne daga cikin teburin Ghali.

Tun da aka dawo daga filin makaranta Malama Liang take neman wayarta. Ta zazzage jaka, ta leƙa ƙarƙashin kujera, babu. Sai ta ari ta Radiyya ta buga lambarta, 'yan aji biyu suna tsaye zufa na zuba, ai kuwa kiɗa ya tashi daga tebur na farko a bakin taga. An cusa ta can bayan littattafai.

Ghali ya dubi wayar, ya dubi malamarsa, ya ce "Meiyo!", wato ba shi ba ne, sai hawaye shar.

Radiyya 'yar Kano ce, ɗalibar jami'a a nan Guangzhou. Wata ƙaramar firamare a bayan unguwar Dengfeng, mai koyarwa da Sinanci da Turanci, ta ɗauke ta tafinta tsakanin malamai da iyaye 'yan Afirka. Ita ce mai kiran waya ta ce ɗanka ya yi ƙoƙari ko 'yarki ba ta yi aikin gida ba, ita ce kuma mai shan zagin da aka yi niyyar yi wa malamai. Washegari za a rufe zango, kuma da yake shekarar wasannin Olamfik ce, an shirya biki da sandar wuta ta kwali da za a ba ɗalibin da ya fi kowa ya zagaya fili da ita.

Shugaban makaranta, Malam Chen, bai ja zance ba. Yaron da ya yi sata ba ya dawowa zango mai zuwa. A shekarar da biza kanta ta zama wahala, wace makaranta ce za ta karɓi ɗan baƙo da tambarin ɓarawo? Radiyya ta roƙa a ba ta lokaci zuwa tashin makaranta. Ya ɗaga kafaɗa, ya zaunar da yaron a ofishinsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Uban Ghali waya yake sayarwa a Dengfeng, yaron ya iya cire batir tun bai iya ɗaure takalmi ba. Haba! Ɗan mai shagon waya ya saci waya ya bar ta a kunne? Wanda ya ajiye ta so yake a same ta.

Ta fara da maigadi. Ya ce lokacin da makaranta duka take fili ana gwajin biki, mutum uku ne kawai suka taka benen azuzuwa: mai shara, da mata biyu da suka kawo cincin ɗin walimar gobe, Habsatou uwar Firdausi da Hajjo uwar Ghali. Mai shara tana can hawa na sama tana wanke tagogi da abokiyar aikinta, ba ta sauko ba. Firdausi kuwa, wadda ta zo ta ɗaya ta bar Ghali a na biyu, tana gaban layi riƙe da sandar wuta, idon kowa a kanta.

Zuciyar Radiyya ta tafi kan Habsatou. Kowa ya san abin da Hajjo take faɗa a gidajen suna, wai Firdausi 'yar Nijar ba ta fi ɗanta komai ba sai iya durƙusa wa malamai. Mai haƙuri ma yakan gaji.

Ta sami Habsatou a zauren makaranta tana jera robobin cincin.

"Maman Firdausi, kin shiga ajin ɗazu?"

"Na shiga. Ruwa na aje ma yarinya cikin teburinta."

"Malama tana nan?"

"Tana nan, waya ma take yi, da hannu ta gaishe ni. Daga nan na sauka fili ina ɗaukar hoto, ban koma ba. Tambaye ta."

"Ina teburin Firdausi?"

Habsatou ta yi dariya. "Ke da kika kira ni kika faɗa mini? A lakwal ɗin nan, makarantar taku, ai ba a zama wuri ɗaya. Lokaci-lokaci kowane layi ya matsa gefe, wai kada idon yara ya saba da kallon allo ta ɓangare ɗaya. Yanzu tana bakin ƙofa. Da tana bakin taga."

Malama Liang ta tabbatar da zancen. Habsatou ta fita daga zargi, amma kalmarta ta ƙarshe ta maƙale wa Radiyya, har ta tsaya cak a kan matakala.

Ta tuna taron iyaye na tsakiyar zango. A al'adar makarantun nan, kowane uba ko uwa a kujerar ɗansa yake zama, manya da su a matse a 'yan kujeru, gwiwa na dukan tebur. Ran nan Habsatou ce a bakin taga, a gaba, malama tana ta yabon 'yarta, Sinawa suna tafi. Hajjo tana tsakiyar aji da leshinta da gwala-gwalanta, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Tun daga ranar ta daina ɗaukar wayar Radiyya. Sau ɗaya da ta ɗauka cewa ta yi, "In yabon 'yar Nijar za ki karanto mini, riƙe abinki."

Radiyya ta gane inda zargin ya dosa. Wallahi ta so a ce ba haka ba ne. Ta buga lambar Hajjo, kuma matar da ta yi watanni ba ta amsawa ta ɗauka tun ƙarar farko.

"Hajiya, an sace wayar malama, an same ta a teburin wani ɗalibi. Ana neman iyaye."

"Ga ni nan zuwa."

Ta iso turare na tashi, ta tarar da ajin babu kowa sai Radiyya, yara sun sake fita fili.

"Subhanallahi! A wane tebur aka same ta?"

Radiyya ta nuna bakin taga.

"Ashsha! 'Yar Habsatou? Ni dama shiru-shirun yarinyar nan bai taɓa kwanta mini ba." Ta gyara mayafi, murmushi na neman ƙwace mata. "To wa zai ɗauki wutar gobe? Ai na biyu ne ko?"

"Hajiya, don Allah ɗauko mini jakar Ghali."

Hajjo ta taka kai tsaye zuwa tsakiyar aji, inda ta zauna ran taron iyaye. Ta zura hannu ta zaro jaka mai ruwan hoda, ta wata 'yar Sinawa. Ta juya ta, ta sake juya ta.

"Wannan ba tasa ba ce."

"Ba tasa ba ce. Tasa tana can." Radiyya ta sake nuna bakin taga. "An matsa da layuka tun bayan taron, na kira ki in faɗa miki ba ki ɗauka ba. Yara sun sani, malamai sun sani, Maman Firdausi ta sani. Mutum ɗaya ne ya hau benen nan yau yana ganin teburin can na Firdausi ne har yanzu. Ya ga malama ta bar waya ta sauka fili, ya ɗauka ya cusa, ya bar ta a kunne don ta yi ƙara. Ni ban ce miki Firdausi ba, Hajiya, ke kika faɗa."

Jakar ta suɓuce daga hannun Hajjo. Ta zauna daɓas a 'yar kujerar, gwala-gwalan suka yi ƙara.

"Ina ɗana?"

"Yana ofishin shugaba tun ɗazu. In aka tashi ba a samu mai laifi ba, ba zai dawo ba."

"Duk dare sai na zaunar da shi karatu," Hajjo ta ce. "Sau ɗaya nake so in ji an kira sunansa da farko. Sau ɗaya tak! Ke ba za ki ce yarinyar ce ta sa masa ba?"

"Ba zan ce ba."

"Ko ki ce kuskure ne, malamar ce ta manta ta a can?"

"Shi ma ba zan ce ba."

Daga fili ana jin gangar gwajin biki. Hajjo ta daɗe tana kallon teburin bakin taga, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

A ofis Malam Chen yana bayan teburinsa, Malama Liang a tsaye, Ghali a kan benci ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Da ya ga uwarsa ya diro da gudu ya rungume ta.

"Umma, ki faɗa musu ba ni ba ne!"

Hajjo ta ɗora hannu a kansa. Ta dubi Radiyya ta ce, "Ki fassara yadda na faɗa, kada ki gyara mini komai." Sannan ta fuskanci shugaban ta ce da Hausa, "Ba shi ba ne. Ni na ɗauka, ni na saka, don a kori 'yar mutane."

Malam Chen ya juya wajen Radiyya yana jiran fassara. Ghali bai jira ba. A hankali ya sassauta hannuwansa daga zanen uwarsa, ya koma kan bencin ya zauna.