Batir Ɗaya a Hanyar Jidda

Shekarar da aka fara talabijin a Jidda, Dattijo Maman, mai gidan da muke haya a unguwar Jarwal ta Makka, ya rantse akwatin shaiɗan ba zai shigar masa gida ba. Na ce ɗayyib, gida naka ne, amma mota tawa ce.

Motar tsohuwar bas ce ta ɗaukar alhazai. Na cire kujerun baya, na shimfiɗa katifa da darduma, ga risho, ga tulun ruwa. In Hajji ya wuce, a cikinta ni da matata Baraka muke fita shan iska. Sai na nufi Jidda, kantin wani Bahadarami, Balarabe mai sayar da talabijin. Ya nuna min babba mai jikin katako, ya ce wannan sai wutar gida. Ya nuna min ƙarami mai mariƙi, wanda ke cin batirin mota. Shi na ɗauka. Ya ce in ƙara batir na biyu, kar in haɗa da wanda ke tada inji, don in akwatin ya zuƙe shi a daji zan kwana. Na ce ya sheikh, ni Wada mutumin abu ɗaya ne, mata ɗaya, mota ɗaya, batir ɗaya.

Duwatsun Makka ba sa barin hoto ya shigo. Don haka gab da magariba muka ɗauki hanyar Jidda har wani tudu da babu kowa. Na tsaya hancin mota na kallon gangara, na sa dutse ƙarƙashin taya, domin birkin hannuna ya daɗe da rasuwa.

Na fito da bututun ƙarfe zan kafa eriya. Baraka ta ce in yi bismilla in yi sallama, magariba ce. Na ce wa zan yi wa sallama, ƙadangaru? Na hau bugu. A bugun ƙarshe ƙarfen ya lume sululu, kamar ƙasan rami ne. Wani wari ya taso, tsohon turaren wuta haɗe da ƙonannen gashi.

Muka yi salla, muka shiga, na rufe ƙofa, na kunna. Hoto ya zo da yayyafi kamar an watsa shinkafa, can ga wani mai ƙaton tabarau yana karanta labarai. Baraka ta riƙe baki. Ni kuwa har na fara shirya abin da zan gaya wa Maman.

Sai mota ta yi ƙiii.

Na san kukan motata. Haka take yi in mutum ya taka matakala. Ta sake yi. Ta sake. Kamar ranar hawan Arfa, ana ta shiga, ƙofa kuwa a rufe take.

Katifa ta lotsa kusa da Baraka. Warin nan ya cika ciki. Sai na ji ƙas, ƙas, a bayana. Ɓawon 'ya'yan kankana yana faɗowa kan dardumata daga inda babu baki.

Baraka, wadda da sunan 'yarmu take kirana, ta ce a hankali, "Abu Saudatu, mota ta cika."

Na ɗaga kai. Fitilar rufi ta koma ja. Batir yana mutuwa. Na murɗa makunnin akwatin don in kashe. Ya murɗo kansa. Na zabura kujerar gaba na juya makulli. Ƙyat. Shiru.

Na dawo na fizge wayar akwatin daga batir.

Hoto bai ɗauke ba.

Wayar ta manne a tafin hannuna na hagu. Sanyi ya kama yatsu, ya hau wuyan hannu, ya doshi gwiwar hannu. Yana hawa, hoto yana ƙara fes. Nan na gane. Batir na biyun da na ƙi saya, ni ne.

Muryar wata tsohuwa ta zo daidai kunnena, da Hausa ras, numfashinta kamar toka.

"Ka huda mana rufi. Zauna, ba a gama ba."

Ni kuwa bakina bai taɓa jin maganata ba. Na ce, "Iya, rufi na huda, na ji. Amma Maman mai gida sukutum bai hana ni kallo ba. Ke ma ba za ki zauna min a katifa ki sha ni kamar shayi ba."

Ƙas ɗin ya tsaya.

Na ja Baraka da hannun dama na zaunar da ita kan kujerar direba. Ba ta taɓa tuƙi ba. Na sa giya, na ɗora ƙafarta kan kuloci, na raɗa mata kar ta ɗaga sai ta ji na kira sunanta.

Na rungumi akwatin. Na buɗe ƙofa. Na sauka.

Masu kallo ai hoto suke bi.

Ƙiii. Ƙiii. Mota tana tashi, ana sauka.

Na yi baya-baya, fuskar akwatin tana kallonsu. Tsakuwa tana motsi kewaye da ni. Sanyi ya kai kafaɗa.

Ya taɓa ƙirji.

Na ce bismilla, wannan karon da gaske, na shure dutsen.

Mota ta gangara. Na bi ta. Wani abu ya cafke gefen taguwata, ta yage. Na faɗa matakala da akwatina.

"Baraka!"

Mota ta zabura, inji ya yi tari, ya kama. Wayar eriya ta miƙe, ta tsinke. Hoto ya mutu. Wayar tafina ta faɗi da kanta. Bayanmu aka saki kuka, irin na taron da aka katse wa kallo, tsakuwa tana zuba kan rufi har muka hau kwalta.

Bututun yana can, ban koma ba. Batir na biyu na saya, kuma yanzu ko ƙusa zan kafa sai na yi sallama. Hannun hagu bai sake ɗumi ba. In zafin Makka ya tsananta, shi Baraka ke ɗorawa a goshi.

Maman ya tambaye ni ko na tuba. Da hoto ya iso Makka, a ƙofar gidansa nake fakin ina kallo. Wani lokaci in batir ya yi sanyi nakan ɗora hannun hagu kan akwatin, sai hoto ya dawo fes. In mota ta yi ƙiii ba na waiwaya. Cewa kawai nake, a cire takalmi, kuma kowa ya kwashe ɓawonsa.