Gaurakin Bakin Dam

Ruwan farko bai daɗe da sauka a Kazaure ba, Bahijja ta biyo ta bakin dam da yamma, ta ga wani saurayi durƙushe cikin ciyawa yana ɗaukar hoton mazari. Dariya ta kufce mata.

"Don Allah a hankali, zai tashi," ya ce ba tare da ya juyo ba.

Sai da mazarin ya tashi sannan ya dube ta, ya ma manta da kyamarar da ke hannunsa. Sunansa Nuruddeen, malamin firamare ne a Roni, duk ranar hutu a nan yake wuni yana kallon tsuntsaye. Kafin gero ya kai gwiwa, Bahijja ta san zalɓe, ta san shamuwa, shi kuma ya raɗa mata suna Kanarina.

Da magana ta je gida, mahaifinta Alhaji Lauwali ya ce atafau.

"Yaron da ake cewa yana hira da tsuntsaye a bakin ruwa? Mai iska zan ba 'yata? Kada na sake jin kin taka wurin."

Ta bi umarni. Amma ko belbela ta gilma ta saman gidansu sai idonta ya ciko. Abinci ya daina shiga. Saƙonsa kawai take ta maimaitawa:

"Kanarina, yau malam-buɗe-littafi sun cika bakin ruwa, farare da rawaya. Na ɗaga kyamara na kasa ɗauka. Wa zan nuna wa?"

Ta amsa: "Ka ɗauka ka ajiye mini, Nurina. Ina nan."

Ganin yadda take ramewa, Alhaji ya shirya da kansa don ya ja wa yaron kunne. Ya same shi a bakin dam. Nuruddeen ya durƙusa ya gaishe shi, ya saurari faɗan har ƙarshe, sannan ya miƙa masa madubin hangen nesa da hannu biyu.

"Baba, kafin ku tafi, ku ɗan dubi bayan ciyawar can."

Alhaji ya karɓa a fusace, ya ɗora a ido. Gauraki ne biyu suke takawa a hankali, tukkunsu na sheƙi. Rabonsa da ganin gauraka tun yana yaro a Gwiwa, lokacin da yake bin marigayiya mahaifiyarsa rafi.

Ya daɗe bai sauke madubin ba.

"Ashe suna nan," ya ce.

Da ya koma gida ya kira Bahijja. "Na ga yaron. Lafiyarsa ƙalau. Ya turo magabatansa."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Roni, Alhaji ya dafa kanta.

"Kin yi mini biyayya ranki bai so ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Bahijja ta fashe da kuka a cikin mayafi. Gwaggonta Saude ta riƙo hannunta.

"Kukan me kuma, ke da kika samu? Taso, mota na jira."