Ruwaida da Tukunyar Hajiya Gaji

"Wai ke Ruwaida, gishiri ne ya ƙare a garin Dutse, ko ni ce ba a so in ji daɗin bakina?"

Hajiya Gaji ce ta faɗi haka, ta ture kwanon miya da bayan hannu. Ruwaida, matar autanta Fa'izu, tana durƙushe a bakin tabarma, kanta a ƙasa.

"Hajiya, likita ne ya ce a rage saboda hawan jinin nan—"

"Cewa ya yi a rage, bai ce a kashe ni da raina ba! Ina man shanuna? Ina tuwon darena? Kullum kunu, sai ka ce mai jego!"

Ruwaida ta ɗauke kwanon, idonta ya ciko.

Shekara guda ke nan da aurensu, auren so wanda kowa ya sa wa albarka. Fa'izu ma'aikacin gwamnati ne da aka dawo da shi daga Kano bayan an ƙirƙiro Jigawa. Da hawan jini da ciwon gwiwa suka matsa wa mahaifiyarsa, sai ya ɗauko ta daga Taura don ta kusanci asibiti. Shi ne kuma ya roƙi matarsa, har da cewa, "Filis, Ruwaida, ki yi mata irin abin nan naki na Indiya. Amma kada ki ce ni na sa ki, kin san Hajiya."

Abin nan na Indiya yana da asali. Tana makarantar kwana Ruwaida ta yi fama da ciwon ciki, sai wata malamarsu Ba'indiya, Misis Menon, ta ja ta a jiki, ta koya mata tsarin magani na ƙasarsu da ake kira Ayurbeda. Takan ce ciki wuta gare shi, kuma wutar tana bin rana: in rana ta take a ci da kyau, in ta faɗi a sassauta. Ruwan ɗumi da citta da safe, hulba jiƙaƙƙiya, ɗan kurkum a miya, a kuma murza gaɓoɓi da man riɗi mai ɗumi. Wannan Ruwaida ta ɗora Hajiya a kai, tare da ƙwayoyin asibiti da ba ta bari lokacinsu ya wuce. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa, amma fuskar Hajiya kullum ƙara haɗewa take.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran nan Talatu, yayar Fa'izu, ta sauka daga Taura, ta tarar da Ruwaida tana murza wa Hajiya gwiwa. Da ta ji inda aka samo ilimin, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Maganin masu bautar saniya? Hajiya, waye bai san tsafin Indiya ba? Ga shi duk kin rame! Mallake ɗanki aka yi, yanzu an juyo kanki!"

Fa'izu ya dawo daga ofis ya tarar da gida a hargitse. Hajiya ta dube shi ido cikin ido.

"Auta, kai ka sa ta, ko ita ta sa kanta?"

Ruwaida ta ɗago tana kallonsa, tana jira. Fa'izu ya buɗe baki, ya dubi yayarsa, ya dubi uwarsa, ya mayar da idonsa ƙasa. Bai ce komai ba.

"To ta bar mini gidan nan," in ji Hajiya.

Bai sake ta ba. Ya dai bi ta ɗaki yana cewa, "Sori, Ruwaida, ki je gida ki huta har ƙura ta lafa." Ta haɗa kayanta ta fita. A motar Kiyawa, garinsu, ta yi kuka har ta gode Allah, kuma ba korar ce ta fi ci mata rai ba. Shirun nan nasa ne.

Mahaifinta, Malam Idirisu, mai makarantar allo ne, mutum mai sanyin magana. Ya bari ta zayyana masa komai, sannan ya tambaya.

"A cikin abin da matar nan ta koya miki, akwai sunan wani abin bauta da ake kira?"

"Babu, Baba."

"Akwai haram a ciki?"

"Citta ce da hulba da man riɗi, Baba. Duk a kasuwa nake saye."

"To babu laifi a nan. Hikima ɓataccen kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta nasa ne." Ya ja carbinsa. "Amma kin taɓa zama kin tambaye ta, 'Hajiya, ga abin da nake so in yi, me kika gani?'"

Ruwaida ta girgiza kai.

"Matar da ta tuƙa tuwo tun kafin a haifi uwarki, an raba ta da garinta, an raba ta da maƙwabtanta, abin da ya rage mata iko a kai shi ne abin da za ta sa a bakinta. Shi ma kika karɓe. Da kyakkyawar niyya kika yi, na sani. Amma babba ba ya son a yi masa gata kamar yaro."

Maganar ta zauna wa Ruwaida a zuciya. Kwanaki tana juya ta, tana tuna yadda Hajiya ke leƙo madafi ta tsaya a bakin ƙofa, ita kuwa ta ce, "Koma ki zauna, Hajiya, na kusa gamawa." A da gani take ladabi ne.

Can a Dutse kuwa Talatu ta karɓi girki. Soyayya ce da man shanu, tuwo da dare, gishiri yadda baki ke so, don ita ma son uwarta take. Ƙwayoyin asibiti sai ranar da aka tuna. Ba a rufe wata biyu ba jiri ya kwashi Hajiya tana alwalar azahar, ta faɗi a tsakar gida. Allah ya taƙaita, aka kwantar da ita a asibiti, likita ya yi faɗa sosai a kan abinci da wasa da magani.

A bakin gadon nan Fa'izu ya durƙusa.

"Hajiya, ni na sa Ruwaida. Roƙonta na yi. Ranar da kika tambaye ni tsoro na ji."

Hajiya ta dube shi. "Ka bar 'yar mutane ta ɗauki laifinka, kana tsaye? Ba haka na raine ka ba, Auta. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari ya kama hanyar Kiyawa biko. A zauren Malam suka haɗu da Ruwaida. Ya rame, kwalar rigarsa duk ta yamutse.

"Ban cancanci ki dube ni ba," in ji shi.

"Ban taɓa so ka saɓa wa Hajiya saboda ni ba," ta ce a hankali. "Gaskiya kawai na so ka faɗa. In aka sake tsayar da ni a gaban mutane, zan waiwaya in gan ka?"

"Wallahi za ki gan ni!"

Hawaye ya zubo masa. Ta kau da kai don kada ya ji kunya, ta shiga ciki haɗa kayanta.

Ranar da aka sallamo Hajiya, Ruwaida ta durƙusa gabanta.

"Ki yafe mini, Hajiya. Na shiga tukunyarki ban yi sallama ba."

"Oh ni Gaji! Ni da na kore ki, ke ce da ba da haƙuri?" Tsohuwar ta jawo ta jikinta, suka yi ta kuka. Talatu na gefe tana murza bakin zane, da ƙyar ta iya cewa, "Ƙanwata, bakina ne ya yi sauri."

Daga nan girki ya zama na mutum biyu. Hajiya kan zauna a kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni: a ƙara daddawa, a daka busasshen kifi, a sa masoro, miya za ta yi daɗi ko gishiri kaɗan ne. Ruwaida ta bayyana mata zancen wutar ciki, Hajiya ta yi dariya ta ce ai kakarta ma takan hana a ci a ƙoshi a kwanta, ashe Indiyawan ma sun san wannan. Suka yi yarjejeniya: man shanu ranar Juma'a, cokali ɗaya, kuma Hajiya ce za ta zuba da hannunta.

Da damina ta zagayo Ruwaida ta haifi 'ya mace, Fa'izu ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Hajiya Gaji, da a da ba ta iya miƙewa sai an kama ta, ita ta tsaya a kan wankan jego, ta hana kowa taɓa tukunyar ruwan.

Haka Allah ya saka wa Ruwaida a kan haƙurinta. Duk mai son yi wa babba alheri, ya fara neman yardarsa, don magani ba ya zama a jikin wanda aka taɓa wa daraja. Namiji kuwa ya sani, biyayya ga uwa ba ta hana faɗin gaskiya, kuma matar da ta bar gidansu dominka ba ta da garkuwa a gidanku sai bakinka.