Moɗa Mai Jan Zare

A tashar Kankia Hafizu ya fara ganin Saudatu, kuma ba a tsaye ya gan ta ba. Farfaɗiya ce ta kayar da ita gefen motar Kusada. Ka san mutanenmu, nan da nan aka dare, kowa na tsoron kada yawunta ya taɓa shi. Shi kaɗai ya durƙusa ya juya ta gefe, ya tallafe kanta har ta farfaɗo. Da ta buɗe ido, kunya ta fi ciwon damunta.

Hafizu ɗan Kusada ne, mai bincike a jami'a. Fiziks ya karanta, amma lissafinsa kan ƙwaƙwalwa yake yin sa. Ranar da ya fara zuwa zance, ta tambaye shi aikinsa.

"Kin ga kasuwa? Ba mai iya bin maganar kowa, amma daga hayaniyar za ki san ta ci ko ta watse. Haka nake lissafa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, miliyoyi a dunƙule. In duk suka ɗauki murya ɗaya lokaci guda, shi ne faɗuwar nan taki."

"Ashe ba aljanu ba ne?"

"Ba su ba ne, Sauda tawa."

Soyayya ta yi nisa, sai mahaifiyarsa Hajiya Haulatu ta kafe. "Ciwon da ake ɗauka za ka kwaso mana? Ba da yawuna ba."

Magulmata kuma suka kai wa Saudatu cewa don bincikensa yake bin ta. Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tura masa saƙo:

"Yaya Hafizu, in don aikinka ne ka gaya mani. Na saba a guje ni, ban saba a yaudare ni ba."

Ya amsa: "Lissafina bai taɓa warkar da kowa ba, ba zan yi maki ƙarya ba. Ke nake so, Sauda, ko kin warke ko ba ki warke ba."

Shekara guda yana lallashin Hajiya. Ya kawo likita, ya kawo malami, duk a banza. Ƙarshe ta ce, "Je ka yi, ban hana ka ba, amma ban zuwa." Baffansa Malam Sodangi ya karɓa masa auren a Kankia. Hafizu ya yi ta gaisawa da jama'a, zuciyarsa na ciwo.

Washegarin kai amarya da safe, ya ga wata tsohuwar moɗa ɗaure da jan zare cikin kayanta.

"Tawa ce tun ina shekara tara," ta ce, kanta a ƙasa. "Zaren don kada wani ya yi kuskure ya sha."

Ya ɗebo ruwan randa da moɗar ya ba ta. Da ta sha, ya karɓa ya shanye sauran. Saudatu ta riƙe hannunsa tana kuka, don rabon da wani ya sha a bayanta shekara goma sha uku ke nan.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma sassauto da zuciyar Hajiya.